Daren Asabar na su Baffa

Takardar da ɗiyata ta kawo mani daga makaranta ce ta jawo duk wannan surutun. Sun gama jarrabawar fita sakandare, makaranta ta ce za a yi masu bikin yaye ɗalibai, kowane gida ya kawo kuɗin hayar zaure, da na mai sa kiɗa, da na mai hoto, da na wata burmemiyar riga da hula mai faɗin faranti da za su sa na awa biyu su tuɓe. Da na haɗa lissafi sai na ga abin ya tasam ma kuɗin buhun masara. Ban ce uffan ba, na ninke takardar na jefa a jaka. Da dare kuma ga ta da waya tana nuna mani yadda 'yan Amurka ke yin nasu, wai furom suke ce masa, rawa ce ta 'yan ajin ƙarshe, saurayi ya ci kwat ya je har gida ya ɗauko budurwa. Ta ce, "Umma, kwantar da hankalinki, mu namu mata ne zalla." Na ce to, Allah ya sa.

Ranar Asabar muka tafi Daura gaida Baffa, na ma manta da takardar. Baffa ƙanen mahaifina ne, shi ya riƙe ni tun ina 'yar shekara shida bayan rasuwar babanmu, kuma da yake sunan mahaifiyarsu na ci, bai taɓa kiran sunana ba, Uwata yake ce mani. Ya haura tamanin yanzu. Ƙafa ta ƙi, ido ya rage, amma kai garau. Muka tarar da shi a zaure bisa buzunsa, rediyo a gefe, Gwaggo ƙanwarsa tana daga bakin ƙofar cikin gida tana tsinkar zogale. Ina laluben goro a jaka takardar ta faɗo, ɗiyata ta yi wuf ta ɗauka ta miƙa masa, wai ga sammaci, ango ya fito da kuɗin bikin amaryarsa.

Ya kai takardar dab da hancinsa ya karanta har ƙasa. Ya ce, "Amarya, to a cikin wannan duka, ku me za ku yi?" Ta ce za su zauna a kira sunansu, su karɓi takarda, a ci abinci, a yi hoto. Ya ce, "A'a, ku da kanku, me za ku yi wa mutanen da suka taru?" Ta juyo ta dube ni. Shi kuwa ya kai hannu ya rage muryar rediyo, kuma duk wanda ya san Baffa ya san in ya yi haka, to sai la'asar.

A Daura ya yi elemantare, ya ci jarrabawa aka kai shi makarantar kwana a Katsina a tsakiyar shekarun 1950. Ba da son ran kakanmu ya shiga boko ba tun farko. A lokacin hakimi ake aika wa da yawan yaran da ake so daga ƙasarsa, shi kuma ya danna wa dagatai, mai wayo ya ɓoye ɗansa ko ya tura shi gabas karatun allo, wanda ba shi da mai tsaya masa a kama nasa. Tsakanin Daura da Katsina kimanin kilomita 80 ne, mu da safe muka taso muka iske kunu da ɗumi, amma shi a bayan babbar mota ya yi tafiyar, bisa buhunan gyaɗa, da akwatin ƙarfe da tabarma da buta, da sule biyu da kakarmu ta ƙulle masa a tsumma. Sai da ya tsaya ya yi wa amaryarsa lissafi, kwabo 12 ne sule, sule 20 ne fam, kuma da kwabo ɗaya yaro zai ci ƙuli-ƙuli har ya ba aboki.

Bari in faɗi wani abu tun da wuri. Tun daga 2015, da wuya ka sami tsohon ɗan boko a Daura da bai ce ajinsu ɗaya da marigayi Muhammadu Buhari ba. In ka biye masu, ajin nan ya fi kasuwar Mai'aduwa cika ranar Lahadi. Gaskiya ne Buhari a Katsina ya yi Midil da Sakandaren Lardi, ya fita a 1961, kuma a can suka haɗu da Shehu Musa 'Yar'aduwa. Baffa dai bai taɓa jingina kansa da kowa ba, shi ya sa nake sakin jiki da labarinsa.

Ya ce kusan duk abin da suke yi bayan an tashi daga aji gado ne daga tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda Turawa suka kafa a 1921 don horar da malamai, zamanin Sarki Muhammadu Dikko. Nan Sardauna Ahmadu Bello ya yi karatu, nan Abubakar Tafawa Ɓalewa ya yi, da Abubakar Imam, da Isa Kaita. A 1938 aka ɗauke ta zuwa Kaduna, a 1949 ta koma Zariya, ita ce Barewa ta yau. Kwalejin ta tashi, amma yaran da ta yaye su ne suka bazu a makarantun Arewa suna koyarwa, kuma da kayansu suka zo. A raba ɗalibai gida-gida, kowane gida da kaftin, wasa dole kowace yamma, turanci dole, tsayawa gaban jama'a a yi magana dole. Ginin ƙasar nan na tsohuwar kwalejin yana nan a Katsina, an mai da shi gidan adana kayan tarihi. Sau biyu na shiga, duka biyun baƙi na raka.

Da ya zo kan wasanni sai ya miƙo mani tafin hannunsa na dama ya ce in taɓa. Da tauri kuwa. Ya ce aikin fayis ne. Ni na fi zaton fartanya ce, don har kwanan baya yana zuwa gona, amma ban musa masa ba.

Ga wanda bai san fayis ba, wasa ne na mutum huɗu, biyu-biyu, a cikin wani ɗaki marar rufi mai bango uku, gaba da gefe biyu, baya a buɗe. Ba sanda ba komai, da hannu ake make ƙwallo ta daki bangon gaba ta dawo, abokin karawa ya mayar kafin ta taɓa ƙasa sau biyu. Daɓen hawa biyu ne, da 'yar matakala a tsaka, sannan daga bangon hagu akwai wani ɗan gini da ya turo ciki, wanda in ƙwallo ta same shi sai ta nufi inda ta ga dama. Baffa ya ce duk gwanintar a wannan lungu take, gwani shi ne wanda zai aika ƙwallo ta mutu a gindin ginin nan, kai kana tsaye da hannu a sama kamar mai roƙon ruwa. Asalin wasan daga makarantar Eton ne ta Ingila, inda 'ya'yan manya ke karatu. A jikin bangon cocin makarantar yara suka fara shi, shi ya sa ɗakin ya fito da wannan siffa marar kan gado, aka kuma kwaso ta yadda take har ƙasar Hausa. Wani malami Bature mai suna Hogben ne ya kawo shi a shekarun 1920. Ƙwallon Turawa tauri gare ta, tana ɓantare bangon ƙasa, sai aka koma ga ƙwallon tanis, da ita ake yi har gobe. Sardauna gwani ne a kai, yana Firimiya ma bai daina ba. A Ingila wasan 'yan tsiraru ne, a nan Katsina kuwa ya fita daga makaranta ya shiga gari.

Ƙananan yara ba su samun shiga ɗakin sai manya sun gaji. Aikinsu tsintar ƙwallo in ta tsallake bango. Baffa ya ce shekara guda cur ya yi yana tsintar ƙwallo kafin wani babba ya ce masa zo ka cike mana gurbi, kuma ranar ko tuwo bai iya ci da hannun dama ba don kumburi.

Akwai sikawut, akwai ƙungiyar samari manoma, akwai ƙwallon ƙafa da hoki da guje-guje, duk ya bi ta kansu da sauri, da alama ba su dame shi ba. Sikawut ma ya ce don gajeren wando da ɗankwalin wuya da zangon kwana a daji yara ke shiga. Ranar Juma'a kuwa fararen kaya ake sawa, a yi layi har masallaci, in an sauko a ba su 'yan sa'o'i su zaga gari. A nan sule biyun nan ke narkewa, dakuwa, rake, ƙuli-ƙuli, ɗan ƙauye ya tsaya ya ɗaga kai yana kallon hasumiyar Gobarau 'yan birni suna yi masa dariya.

Babbar ranar shekara a wajen hukuma ita ce 24 ga Mayu, Empaya suke ce mata, ranar haihuwar Sarauniya Biktoriya, matar da ta mutu tun 1901. Ka san Mayu a Katsina, tsakiyar bazara, ƙasa kamar tanda. A jera yara tun hantsi a yi fareti gaban Razdan da manyan gari, a sara wa tutar Ingila, wani ya yanke jiki ya faɗi a ja shi inuwa a ci gaba. Da yamma tseren buhu, da ja-in-ja da igiya, gida da gida. Na ce Baffa, ku kuna murna da mulkin mallaka ke nan? Ya ce, "Uwata, mu ina ruwanmu da Sarauniya. Ranar ake yanka sa a dafa shinkafa. Wanda ya kwana wata uku yana cin tuwon dawa da miyar kuka, ko tutar wa aka kafa zai sara mata." A 1956 Sarauniya Elizabet ta zo Nijeriya aka yi mata hawan daba a Kaduna, sarakunan Arewa suka kai dawakai, aka zaɓi wasu ɗalibai aka tafi da su. Ba a zaɓi Baffa ba, wai ya cika ƙanƙanta, kuma yadda ya faɗi maganar na gane har yau abin na nan. Ranar 1 ga Oktoba 1960 ma fareti aka yi a fili guda, shinkafa iri guda, sai dai an raba masu 'yan ƙananan tutoci kore-fari-kore, kuma wadda ke saman sanda ta sauya.

In Salla ta riske su a makaranta, Kangiwa ake kai su kallon hawa. Zamanin Sarki Usman Nagogo ne, wanda ya hau a 1944, mutumin da ko a wasan folo an san shi, balle zaman sirdi. 'Yan Malumfashi da Funtuwa da Dutsin-ma da Ingawa duk su saki baki. Baffa shi kaɗai zai ce ai ba su ga komai ba, su zo Daura Sallar Gani su ga Sarki Abdurrahman. Ya ce wannan gardamar sun yi ta shekara shida ba wanda ya sauka.

Amma duk wannan shimfiɗa ce. Abin da ya sa ya rage muryar rediyo daren Asabar ne.

Kowace Asabar bayan sallar isha'i, zauren cin abinci ake sharewa, a haɗa tebura su zama dandamali, a ɗaure igiya a rataya barguna biyu su zama labule, a yi wa fitilar gas famfo har ta yi fari tas, a rataye. Gida-gida ake karɓa-karɓa, gidan da abin ya zagayo kansa shi zai nishaɗantar da makaranta duka, da malamai, har da kuku da iyalinsa da ke leƙe ta taga. Ba mai ba su ko anini, ba mai rubuta masu komai. Tun Laraba kaftin zai tara yaransa bayan ɗakin kwana a tsara labari, a ce kai ne alƙali, kai ne mai ƙara, kai ne ɗan doka, sauran magana kowa ya nemo a bakinsa. In gidanku ya yi wasa marar daɗi, har sati ya zagayo ba ku da sakat.

Su wa ake kwaikwaya? Alƙalin da ake kai wa toshi da dare, ɗan doka mai jar dara, mai karɓar haraji da jangali da ke ƙirga saniya ɗaya sau biyu, boka, baƙauyen da ya shigo birni, da Baturen da ke jagwalgwala Hausa. An hana ɗalibai siyasa, alhali gari ya ɗauka, jam'iyyar NEPU ta fito tun 1950, ga jam'iyyar NPC ta manya, to abin da ba a iya faɗa a fili sai a sa shi a bakin wawan wasa. Malamai suna ji, suna kau da kai. Amma ranar raba kyaututtuka, da manyan En'e ke zuwa da rawunansu su zauna a gaba, sai alƙali ya ɓace daga labarin, boka ya ɗauki laifin duka. Yaran ba wawaye ba ne, sun san daga baitulmalin wa tuwonsu ke fitowa, sun kuma san a ƙofar wa za su nemi aiki.

Da yake ba mace ko ɗaya a makarantar, yara ƙanana waɗanda muryarsu ba ta fashe ba su ke fitowa a mata. Ƙanƙantar da ta hana Baffa zuwa Kaduna ita ta ba shi wannan matsayi. Dillaliya yake fitowa, tsohuwar nan mai shiga gida-gida da ƙullin kaya a ka da gulma a baki. A aro zane da kallabi wajen matar kuku, a ranbaɗa masa kwalli, a shafa masa jan bulo a haƙora ya zama goro. Saura ƙirji. Sai wani mai dabara ya ce ai ga ƙwallayen fayis nan. Aka cusa masa biyu aka ɗaure da tsumma. Wasa ya yi wasa, dillaliya ta haɗa kishiyoyi faɗa, ta ja gefe tana tafa hannu tana salati, ta duƙa za ta ɗauki ƙullinta, sai ɗaya ta sulluɓo. Ƙwallon tanis kuwa ba ta faɗuwa ta kwanta. Ta yi tsalle daga tebur, ta dira ƙasa, ta yi ta ɗan tsalle-tsalle har gaban kujerar shugaban makaranta. Zaure ya yi tsit. Baturen ya sunkuya ya ɗauka, ya miƙe, ya zo har bakin dandamali ya miƙa, ya ce da irin Hausarsa, "Gwaggo, kin yar da kaya." Baffa ya ce shi dai bai san lokacin da ya sa hannu biyu ya karɓa ya ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗan nan," ya mayar da ita inda ta fito ba. Aka kwashe da dariya har bargo ɗaya ya faɗo.

Yana ba mu labarin yana share hawaye da hannun riga, ɗiyata kuwa ta kife a kan tabarma. Ni a lokacin na warware wani abu da ya daɗe yana ɗaure mani kai. Ina yarinya, akwai wani dattijo mai mota da kan zo daga Kaduna lokaci-lokaci, babban ma'aikaci, tun daga ƙofar gida zai ɗaga murya ya ce, "Dillaliya tana ciki?" Baffa ya fito ba takalmi su rungume juna. Na ɗauka wata mata yake nema a unguwar.

Wani satin maimakon wasa majigi ake kawowa, a kafa farin ƙyalle a fili, mai fassara yana bayani kan tsafta ko noman gyaɗa, yara suna jiran ɗan abin dariyar da ake sawa a ƙarshe. Jarida kuwa Gaskiya Ta Fi Kwabo ce, da aka fara bugawa a Zariya a 1939, guda ɗaya za ta zaga hannu har ta yi laushi kamar tsumma. Da BBC ta fara Hausa a watan Maris na 1957, minti 15 kacal, a gindin tagar wani malami mai rediyo suke cunkusuwa. Baffa ya ce daga ranar ya kamu, ga shi har yau ba ya rabuwa da akwatin.

Sai muhawara, wadda ake yi wata-wata, da turanci zalla. Wannan ita ce ake tsoro. Ciyaman ɗalibi ne, da ƙararrawa a gabansa, mutum biyu nan, biyu can, a ba kowa mintocinsa, a ƙarshe zaure ya ɗaga hannu. Ba kai ke zaɓen ɓangare ba, malami ke raba maku, ko ka yarda da batun ko ba ka yarda ba. Kowane yaro burinsa a ce ya yi magana kamar Tafawa Ɓalewa, wanda har Turawa ke yaba turancinsa, kuma malamai ba su gajiya da tuna masu cewa a garin nan ya koya. Wanda kuwa Hausa ta suɓuce masa a zauren, tarar kwabo guda.

Baffa yana aji uku aka ba shi batun da ya ce ba zai manta ba, wai ya kamata a sa 'yan mata makaranta kamar maza. Shi aka ce ya goyi baya. Kafin hutu aka raba, don haka ya zo Daura da takardarsa, ya rubuta jawabi shafi biyu, ya yi ta haddarsa kamar mai tilawa. Yana cikin faɗin haka sai muka ji muryar Gwaggo daga bakin ƙofa, ashe duk tana ji. Ta ce, "Yaya, ka faɗa masu wa ka yi wa haddar. Ni ce. Ina daka, yana tsaye bisa turmin da aka kife yana zuba mani turanci, wai ni ce Mista Ciyaman. In na yi dariya ya ce in yi oda."

Ranar ta zo. Abokin karawarsa ɗan birni ne, ɗan wani akawu, turanci a bakinsa kamar ruwa. Ya tashi ya ce in mace ta yi boko wa zai yi tuwo, wa zai yi reno, za ta raina mijinta, zaure ya ɗauki tafi. Aka kira Baffa. Ya miƙe, ya ce Mista Ciyaman, ya ce jama'a masu daraja, daga nan shafi biyun nan suka yi ƙaura. Ya ce yana ganin fitila, yana jin ƙarar ta, yana ganin bakin yara a buɗe, amma ko kalma ɗaya ta ƙi zuwa. Aka fara ƙus-ƙus. Ciyaman ya ɗora hannu kan ƙararrawa. Can sai ya ji bakinsa ya buɗe da kansa, da Hausar Daura tsantsa, ya ce, "Ku tsaya! In matar ɗayanku ta zo haihuwa abin ya gagara aka kai ta asibiti, wa kuke so ya duba ta, ƙato ko mace 'yar'uwarta? To ita macen daga sama za ta faɗo?" Zaure ya kaure, masu dariya na yi, masu ihun tara na yi, ƙararrawa na ta bugawa. Aka zaunar da shi. Da aka ɗaga hannu, ɓangarensu ya sha ƙasa warwas, ga kuma kwabo a wuyansa, shi kuwa ko anini ba shi da shi. Washegari malamin Arabiyya, wani dattijo da ba ya shiga harkar muhawara, ya kira shi gefe bayan sallar asuba, ya danƙa masa kwabo a hannu, ya ce je ka biya, bai ƙara ko kalma ba.

Na so a tsaya a nan, labari ya yi daɗi. Gwaggo ce ba ta bari ba. Ta ajiye farantin zogale ta ce, "Ya je can Katsina yana yi wa mata faɗa. Kafin ya dawo hutu na gaba an kai ni ɗaki." Ba da fushi ta faɗa ba, har da 'yar dariyarta. Shekarunta sha huɗu lokacin. Baffa bai ce komai ba, ya ɗauki rediyo yana murɗa abin da ba ya bukatar murɗawa.

Shi ya sa ba na iya bin tsofaffi ido rufe in sun ce zamaninsu ya fi. Zauren nan da ake dariya, da ɗakin fayis, da shinkafar Empaya, na 'yan yara ne ƙalilan daga lardi guda, kuma duk maza. Sakandaren 'yan mata da gwamnatin Arewa ta buɗe a 1956 a Ilori take, wa zai ɗauki ɗiyarsa daga Daura ya kai Ilori a wancan zamani? Gwaggo ta fi Baffa kaifin baki, kowa a gidanmu ya san haka, da ita aka tsayar a zauren nan da ɗan akawu bai kai labari ba. Amma kuma tambayar da Baffa ya yi wa ɗiyata ta tsaya mani a rai. Shekara shida ta yi a sakandare, ban taɓa jin an ce yau ita za ta tsaya gaban mutane ta kare wata magana ba, ko su haɗa wasa da kansu. Daga aji sai lesin, daga lesin sai waya. Ni ma ban taɓa tambaya ba, sakamakon jarrabawa kawai nake dubawa. Ni kuwa da aka zo sa ni makaranta, na ji a bakin manya cewa dangi sun taru sun ce marainiya ce, a bar ta a gida ta taya aiki, Baffa ya saurare su har suka gama, da safe ya ɗora ni a keke.

Kuɗin biki dai na biya. Baffa ya ba amaryarsa abin da ya sawwaƙa daga aljihun gaba, ya ce sauran ta bi shi bashi. Ƙafa ba ta bar shi zuwa ba, Gwaggo ce ta ce ita sai ta je ta ga abin da kishiyarta za ta yi. Muka aika mota ta ɗauko ta. Ta zauna a layin gaba da sabon lullubi, ta toshe kunne ɗaya da yatsa saboda lasifika, ba ta gane ko kalma ɗaya daga jawaban ba, amma da aka kira sunan yarinyar ita ta fara rangaɗa guɗa, har mai riƙe da makirfo ya daburce. Da aka tashi ana ta hotuna, ta jawo ɗiyata ta ce, "Ke, kawo hular nan in ji." Aka ɗora mata bisa lulluɓi, aka yafa mata rigar, ta riƙe takardar da hannu biyu ta ƙame, ko murmushi ta ƙi yi har sai da mai hoto ya gama.

Satin da ya wuce na wanko hoton na kai wa Baffa. Ya kai shi dab da hancinsa, ya daɗe yana dubawa, har na ɗauka barci ne ya ɗauke shi. Can ya ce, "Uwata, hular ta karkace." Ya ɗaga gefen buzu ya sa hoton a ƙarƙashi, inda yake ajiye takardun fanshonsa.